Littafin bashi ya maƙale a tsohuwar kwamfuta: dabarar shekarun 1980 ce ta fito da shi

Daga wakilinmu

Duk wanda ya jima yana harkar kasuwa ya san ba duka dukiyar ɗan kasuwa ke cikin shagonsa ba. Wani kaso yana hannun mutane a matsayin bashi, wani kuma na mutane ne da ke hannunsa, kuma rubutu ne kaɗai ke raba wannan da wancan. A watannin baya Allah ya yi wa wani dattijo mai sayar da kayan masarufi a nan garinmu na bakin iyaka rasuwa. Marigayin yana cikin waɗanda suka fara ajiye lissafi a kwamfuta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda an canza masa na'urar ba.

Da aka zo maganar gado, malamai suka ce sai an fitar da bashi kafin a raba komai, kamar yadda shari'a ta tanada. To, sunayen waɗanda ke bin sa da waɗanda yake bi, daga nan har Illela da Sakkwato, duk suna cikin wannan kwamfuta. Tana tashi, ana ganin rubutun a allonta, amma babu ta inda za a fitar da shi. Wurin sa disket ya lalace, ba ta gane kile, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira filash, firintarta ta mutu tuni, intanet kuwa ba ta taɓa shigarsa ba. Yaran gidan sun fara ɗaukar hoton allon da wayar hannu shafi-shafi, sai suka ga lissafin sama da shekara 20 ne, ga shi kuma in ta ɗauki zafi sai ta mutu da kanta.

Babban ɗan marigayin ya same ni a gidan rediyonmu, ya ce: "Malam, ku da kuke aiki da na'urori, a taimaka mana kafin sadakar arba'in, don ranar ce masu bashi za su hallara." Ni ba injiniya ba ne, saboda haka na kai shi wurin mai kula da na'urorin tasharmu, wanda ya girme mu duka. Da ya ji bayani sai ya ce wannan matsala ta girmi yaron, kuma an warware ta a Amurka tun kafin a haife shi. Abin da ya sa na bi diddigin labarin ke nan, na ga ya dace in kawo wa masu karatu.

Na'urorin da ba sa jin yaren juna

A farkon shekarun 1980 wani sabon nau'in kwamfuta ya bayyana a jami'o'i da kamfanonin Amurka. Kafin lokacin, mutane da yawa ne ke tarayya a kan babbar kwamfuta guda da ke cika ɗaki. Sabon nau'in kuwa na mutum ɗaya ne, injiniya ko mai bincike, ana girka masa ita a teburinsa, tana da babban allo da ƙarfin zana taswirar gini ko ta inji. Mu kira ta kwamfutar ƙwararru. Kamfanin Xerox ne ya nuna hanya da na'urarsa Alto a 1973. Kamfanin Apollo ya fitar da tasa a 1981, sai kamfanin Sun da aka kafa a 1982, wanda asalinsa daga jami'ar Stanford ne. Burin masu ƙera su a lokacin shi ne na'urar ta samu ƙwaƙwalwar aiki ta megabayit 1, abin da ko hoto guda na wayar yau ya fi shi nauyi.

Matsalar ita ce kowane kamfani da tasa hanyar. Apollo yana da tsarin tafiyar da na'ura nasa na kansa, da hanyar haɗa na'urori tasa. Sun yana aiki da tsarin Unix. Manyan kwamfutocin IBM ko lambobin da suke bai wa haruffa sun sha bamban da na sauran: su suna bin tsarin EBCDIC, sauran suna bin ASCII, ta yadda lambar da ke nufin wani harafi a nan, wani abu dabam take nufi a can. Faifan ajiya ma haka: disket ɗin da aka rubuta a na'urar wani kamfani, sau da yawa ta wani kamfanin ba ta iya karanta shi, ko da girmansu ɗaya. Ɗan kasuwar da ya taɓa auna hatsi da tiya a wannan gefe, ya tsallaka ya tarar ana awo da wani kwano dabam, ga sefa ga naira, ya san irin wannan wahala.

Masu gata da marasa gata

Masu gata a wancan zamani su ne waɗanda aka haɗa na'urorinsu da ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, wadda daga baya ta haifi intanet. Su suna da FTP, ƙa'idar aika fayil da wani ɗalibi ɗan asalin Indiya mai suna Abhay Bhushan ya rubuta a jami'ar MIT a watan Afrilun 1971, aka kuma sake tsara ta a 1985. A 1984 kamfanin Sun ya fito da NFS, wadda ke sa mutum ya ga faifan wata na'ura kamar a cikin tasa yake. Amma duk wannan sai an ja waya ta musamman tsakanin na'urorin, kuma ba kowace makaranta ke da wannan hali ba.

Sauran jama'a abu biyu suke da shi: layin tarho, da wata kafa da ke bayan kusan kowace kwamfuta, wadda ake kira RS-232, da aka tsara tun shekarun 1960. Ta wannan kafa bayanai ke fita ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki ta ƙofar garke. In na'urorin suna nesa da juna sai a sa modem, wata ƴar na'ura mai mayar da bayanai su zama sauti don su bi layin tarho. In suna ɗaki ɗaya sai a haɗa su da igiyar da aka sauya wa wayoyi biyu a ciki, ta yadda bakin wannan ya faɗa kunnen waccan.

Mai karatu ya dubi saurin abin. Modem mai gudun 1200 tana aika haruffa kamar 120 a daƙiƙa guda. Cikakken disket mai megabayit 1.44 zai ci sama da awa 3 kafin ya wuce. Hoto guda mai megabayit 3, irin wanda muke tura wa abokin ciniki don ya ga kalar atamfa, zai ci kusan awa 7. Ga shi kuma layin tarho yana da ƙara, ƙarar nan kuwa tana iya canza harafi ko lamba ba tare da kowa ya sani ba. A wasiƙar gaisuwa wannan ba komai ba ne, amma a lissafin kuɗi, sifili guda ya ɓace an shiga uku.

Ƙirga buhu kafin mota ta tashi

Maganin da aka samo, duk mai lodin kaya ya san shi. Ba a zuba wake a mota a warwatse. A buhu ake ɗura shi, a sa wa kowane buhu alama, a rubuta adadi a takarda, mai karɓa ya ƙirga ya tabbatar. A 1977 wani ma'aikacin IBM a yankin Shikago mai suna Ward Christensen ya rubuta manhajar da aka sani da XMODEM. Tana yanka fayil ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi haruffa 128, ta ba shi lamba, ta haɗa jimillar abin da ke ciki ta liƙa a ƙarshensa. Na'urar da ke karɓa ita ma sai ta yi nata lissafin. In ya yi daidai ta ce a turo na gaba, in bai yi ba ta ce a sake turo wannan. Christensen bai sayar da manhajar ba, kyauta ya sake ta, shi ya sa ta bazu. Ya rasu a 2024.

A 1986 Chuck Forsberg ya fito da ZMODEM, wadda ta ƙara abu biyu masu amfani. Ba ta tsayawa jiran amsa bayan kowane ƙunshi, sai in an sami kuskure, kuma in layi ya yanke a tsakiyar aiki tana ɗorawa daga inda aka tsaya.

Masu aiki da Unix kuwa suna da UUCP, wadda Mike Lesk ya rubuta a ɗakin bincike na Bell a ƙarshen shekarun 1970. Ita dabararta irin ta tashar mota ce. Na'ura tana tara saƙonni da fayiloli, in lokacin da aka tsara ya yi, galibi da dare sa'ad da kuɗin tarho ke da sauƙi, sai ta buga wa maƙwabciyarta, ta miƙa abin da ta tara, ta karɓi nata. Waccan ma ta miƙa wa ta gaba, har saƙo ya isa inda aka nufa.

Manhajar da ta ci sunan kwaɗo

Wadda ta fi kowacce shiga lunguna ita ce Kermit. An fara ta a 1981 a jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok, kuma Frank da Cruz da Bill Catchings ne suka tsara ta. Dalilinta mai sauƙi ne: ɗalibai sun yi wa manyan kwamfutocin jami'ar yawa, wurin ajiya ya yi kaɗan, ana so kowane ɗalibi ya iya kwashe aikinsa ya sa a disket ta hanyar ƙananan na'urori, ya mayar in ya tashi bukata. Sunan kuwa na wani kwaɗo ne a wasan ƴar tsana na talabijin da ya shahara a Amurka.

Abin da ya bambanta Kermit shi ne an gina ta da zaton cewa hanya ba ta da kyau, kuma ɗaya na'urar baƙuwa ce. Kafin a fara aiki, na'urorin biyu suna yin ƴar gaisuwa, kowace ta faɗi abin da za ta iya ɗauka, su daidaita. Ƙunshinta na asali gajere ne, bai wuce haruffa 94 ba, kuma tana mayar da duk wata alama mai rikitarwa zuwa haruffan da kowace na'ura ta sani. In rubutu ne ake aikawa, tana yin aikin tafinta tsakanin tsarin IBM da na sauran. An yi ta yi mata gorin jinkiri, amma inda sauran suka gaza ita tana wucewa.

Jami'ar ta bar ƙa'idar a buɗe, saboda haka mutane a ƙasashe da dama suka riƙa rubuta Kermit don irin na'urar da ke gabansu, su aika wa Kolombiya, ita kuma ta rarraba. Da haka aka sami Kermit ta ɗaruruwan na'urori, daga ƙananan na gida zuwa kwamfutocin ƙwararru da manyan na banki. Har a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an yi aiki da ita. Jami'ar ta janye hannunta daga aikin a 2011, bayan shekara 30, ta kuma saki C-Kermit, wato ta Unix, ga duk mai so.

Kaza ce ta fara ko ƙwai?

Akwai wata tambaya da ta wahalar da mutanen wancan lokaci: in sai da manhaja ake shigar da fayil cikin na'ura, ita manhajar ta ina za ta shiga? Mutum ya sayi kwamfuta mai tsada, ga manhajar a na'urar abokinsa, amma faifansu bai dace ba.

Hanyoyi uku aka bi. Ta farko gidan waya: a rubuta wa jami'a ko ƙungiyar masu amfani da irin na'urar, a biya kuɗin kaset ɗin maganaɗisu da na aikawa, a jira makonni. Ta biyu, a mayar da manhajar zuwa haruffa zalla, a turo ta ta layi kamar wasiƙa, sannan mutum ya zauna ya buga wata ƴar gajeriyar manhaja da hannunsa, harafi bayan harafi, wadda za ta mayar da haruffan nan su koma manhaja. In ya yi kuskure guda, sai ya bi layi-layi yana nema. Ta uku ita ce cigiya, a tambayi wanda ya sani, shi ma ya tambayi wani.

Da intanet ya faɗaɗa a jami'o'i, manhajoji suka taru a rumbunan FTP da ke warwatse a duniya, sai wahalar ta koma sanin wane rumbu ne ke da abin da kake nema. A 1990 wani ɗalibi ɗan tsibirin Barbados mai suna Alan Emtage, a jami'ar McGill da ke Kanada, ya haɗa Archie, wadda ke zagaya rumbunan tana tattara sunayen fayilolin da ke ciki. Ita ake ɗauka a matsayin injin bincike na farko a intanet, shekara 8 kafin a kafa kamfanin Google.

Ta nan saƙon farko ya iso Yamai

Wannan labari ya taɓo ƙasarmu. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, cibiyar binciken kimiyya ta Faransa da ake kira ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta shimfiɗa wata hanyar sadarwa mai suna RIO tsakanin ofisoshinta na Afirka, ciki har da Dakar, Bamako, Wagadugu, Lome, Yawunde da Yamai. Kwamfutocin Unix ne ke aikin, kuma UUCP ce ke ɗaukar saƙonnin zuwa birnin Mompeliye na Faransa, daga can su shiga duniya. Ke nan kafin intanet ya zo ga jama'a, masu bincike a Yamai suna aika wasiƙar lantarki ta wannan tsohuwar dabara ta tara kaya a jira lokacin tashin mota.

Mu koma shagon marigayi

Mai kula da na'urorinmu ya duba bayan kwamfutar ya ga kafar RS-232 mai ƙusoshi 9. Ya duba cikinta ya tarar da HyperTerminal, manhajar da ke zuwa tare da Windows tun daga na 95 har zuwa XP, wadda ta san XMODEM da ZMODEM da Kermit duka. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro faifan cikin na'urar a haɗa shi da sabuwa, amma mahaɗin irin wannan tsohon faifai ba mu same shi a gari ba, sai an yi saƙonsa daga Kano, kwanaki kuma sun ƙure. Igiyar da muke bukata kuwa a wurin mai gyaran dikodar tauraron ɗan Adam muka same ta, don da irinta suke sabunta wasu dikodoji, tare da mahaɗin da ke mayar da ita USB. A sabuwar kwamfutar muka sa Tera Term, wadda kyauta ake samunta.

Muka kunna fanka muka saita ta a kan tsohuwar na'urar, muka fara. Karo na farko kurakurai suka yi yawa, sai muka rage gudu zuwa 9600, wato haruffa kamar 960 a daƙiƙa. Ana tsakiyar aiki ta mutu. Muka jira ta huce, muka tayar da ita, ZMODEM ta ɗora daga inda ta tsaya. Kafin la'asar fayilolin sun wuce.

Saura matsala guda. Duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya fito da wata baƙuwar alama, domin yaron da ya fara yi wa marigayin rubutu ya yi amfani da wani salon haruffa na musamman da ke cikin waccan na'ura kaɗai. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya bai wa haruffanmu masu lanƙwasa lambobinsu na dindindin, amma an daɗe kafin ya game ko'ina. Muka bi sunayen da hannu muka gyara, lambobin kuɗi kuwa ba abin da ya taɓa su. Ranar arba'in aka karanta takarda a gaban shaidu. A ciki har da wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta ba marigayin ajiyar kuɗi shekaru da suka wuce, ba ta da wata shaida sai wannan layi guda.

Abin lura ga ƴan kasuwa

Yau da Xender ko Bluetooth ko WhatsApp muke tura fayil, kuma a ƙarƙashinsu dabarar nan ce ta yanka ƙunshi, a ƙirga, a sake turo wanda ya lalace. Amma kayan aiki suna tsufa. Kamfanin Sony ya daina yin disket a 2011. Manhajojin shiga intanet na Chrome da Firefox sun cire FTP a 2021, saboda tana aika kalmar sirri a fili. Kamfanin Apollo ya shige hannun HP a 1989, Sun kuma hannun Oracle a 2010. Wayar da ke aljihunka ita ma ranarta na zuwa.

Saboda haka, na farko, kada lissafinka ya zauna a wuri ɗaya: a samu kwafi a wata na'ura ko kile, a ajiye shi a wani gida dabam da shago, don gobara ko ɓarawo. Na biyu, duk ƙarshen wata a buga jerin bashi a takarda, a sa kwanan wata da hannu. Na uku, in manhajar da kake lissafi da ita ba ta iya fitar da bayananka zuwa PDF ko Excel, ka yi hattara da ita. Na huɗu, ranar da ka sayi sabuwar waya ko kwamfuta, a ranar za ka kwashe komai, tun tsohuwar tana da rai, ka kuma buɗe fayilolin a sabuwar ka gani da idonka, ka gwada jimillar kuɗin ta dace. Na biyar, amintacce guda a cikin iyali ya san inda lissafi yake da yadda ake buɗe shi.

In kuwa kana da tsohuwar na'ura a ajiye mai ɗauke da bayanai, kada ka sayar wa ƴan gwangwan, kada kuma ka bari a goge ta da sunan gyara, sai an kwashe abin da ke ciki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun muna da rai, amin.